Bututu Uku da Tokar Matan Unguwa

Ranar bikin 'yar Asabe na ji da kunnena wata tsohuwa cikin waɗanda muka yi zaman Inugu tare tun tana yarinya, tana tsokanar Asabe, tana ce mata 'yar ɓarawon bututu. Mata suka yi shewa, ni ma daga zaure na yi dariya, domin na san raha ce. Amma da Asabe ta kawo mini abinci na dubi fuskarta, na gane maganar ta daɗe tana cinta, kunya ce kawai ta hana ta tambaye ni shekara da shekaru. Laifina ne. Ban taɓa zaunar da ku 'ya'yana na gaya muku yadda aka yi ba, mahaifiyarku kuma da ta fi ni iya ba da labari Allah ya karɓi abarsa. To bari in rubuta tun hannuna bai fara rawa ba. Gaskiya ne an kore ni daga aikin ramin kwal, gaskiya ne kuma na ɗauki bututu uku ba da izinin kowa ba.

Kun san ni Basarke ne, ɗan masunta daga ƙasar Yawuri. Shanun wani falke na biyo har Inugu, da ya sayar ya juya ni na ƙi komawa. Na sauka gidan Baba Ɗanladi, tsohon mahauci a unguwar Hausawa, mutum mai faɗa da baki amma cikinsa babu komai. Ya yi ƙoƙarin koya mini fawa, abin ya gagara, domin in aka kayar da sa sai in kau da kai. Ya gaji ya ce bai taɓa ganin ƙato mai tsoron jini irina ba, in tafi in nemi aikin da ya dace da mutanen ruwa. Cikin masu sayen nama wurinsa akwai wani Okeke, heluma, wato shugaban leburori, a ɗaya daga cikin ramukan kwal, wanda ya yi aikin reluwe a Zariya har Hausa ta zauna masa a baki. Shi ya samo mini aikin kula da injin famfo. Ramin ya shiga cikin dutse da nisa, ruwa na tsattsafowa a ciki ba dare ba rana, in ba a janye shi ba sai ya ci leburori. Aikina in zuba wa inji mai, in share shi, in tabbata yana jan ruwan yana fitarwa ta wani babban bututu da ke zubarwa cikin rafi. Aikin ya zo da kaki da ɗaki a bariki, mai daɓen siminti da famfo a ƙofa. Da ƙarfin wannan ɗaki na je gida na ɗauko mahaifiyarku Lantana.

Rafin nan shi ne abin da na fi so a Inugu. Ba wani babba ba ne, a Yawuri ko suna ba za a ba shi ba. Yana gangarowa daga dutse, ya bi ta mashayar shanun unguwarmu, ya wuce ƙauyen su Okeke inda matansu ke kafa kwanduna suna kama kifi. Akwai karfasa da tarwaɗa, akwai wani zalɓe guda da ke tsayawa kan dutse ɗaya kullum, ga balbela fari fat suna bin shanu suna kwana a kan wata babbar bishiya a bakin mashaya. In na tashi aiki nakan zauna can in yi alwala, in ji kamar ban yi nisa da gida ba.

A shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai aka buɗe sabon reshe cikin ramin. Ruwan da inji ke fitarwa ya fara sauya launi, ya koma ja-ja kamar tsatsa. Na gani, ban ɗauke shi komai ba, na ce ƙasar wurin ce. Rani ya yi, rafi ya ja baya. Wata safiya aka wayi gari kifi ya taso saman ruwa a mashaya, cikinsa sama, har ba a ganin ruwan a wasu wurare. Nan da nan unguwa ta ɗauka an zuba magimfa. Ku da kuka tashi a birni ba ku san ta ba. Wani ganye ne da ake dakawa a arewa a zuba cikin tafki, kifi ya bugu ya taso, a kwashe a ci lafiya lau. Duk wanda ya fito daga ƙasar ruwa ya san wannan, saboda haka mutanenmu suka fito da kwanuka da kwanduna ana murna, ana cewa wani ya yi wahala mu mun samu. Baba Ɗanladi ne kaɗai ya tsaya ya aika a kira ni.

"Kai Basarke," in ji shi, "kai ne ɗan ruwa. Wannan kifin na ci ne?"

Jama'a duk suka juyo suna kallona. Shekara nawa ana yi mini dariyar tsoron jini, yau ga ranar da ake neman sanina. Ko sunkuyawa ban yi ba, ko kifi ɗaya ban ɗaga ba.

"Magimfa ce, Baba," na ce. "Ku kwasa."

Ni ma na cika kwano na kai gida. Lantana tana da cikin Asabe wata shida a lokacin. Ita ma 'yar masunta ce, kuma ta fi ni natsuwa. Ta zauna za ta gyara, ta buɗe kunnen kifi na farko, ta buɗe na biyu, sai ta ajiye wuƙa.

"Malam, ka duba kifin nan kafin ka ce a kwasa?"

"Me zan duba? Yau na fara ganin magimfa?"

"Kifin magimfa kunnensa ja yake, kuma yana motsi in ka taɓa shi. Wannan ya toshe da wani abu kamar tsatsa. Ni dai ba zan ci ba, kai ma ba zan dafa maka ba."

Na yi fushi na fita. Washegari gidaje da yawa a unguwa ana amai da ciwon ciki, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Kwana biyu bayan haka na je mashaya na tarar da balbela a zube ƙarƙashin bishiyarsu, wasu sun mutu, wasu na jan fiffike. Zalɓen nan yana kan dutsensa, na matsa har na kusa taɓa shi bai tashi ba. Magimfa ba ta kashe tsuntsu, wannan ko yaron goye a Yawuri ya sani. Raina ya ɓaci, na ce sai na gano wanda ya zuba mana guba. Na kama bakin rafi na yi sama, ina tafe ina tsine wa mutumin da ban sani ba, duwatsu suna ƙara ja a gabana. Ban tsaya ba sai da na iso bakin bututun da nake kula da shi. Sama da shi ruwa garau, har ga 'yan kifi suna wasa. Na zauna a wurin na daɗe, kunya da baƙin ciki suka rufe ni, domin da hannuna nake zuba wa injin mai kowace safiya.

Na gaya wa Okeke. Ashe shi ma matarsa ta hana shi sakat, kwandunansu kwana da kwanaki ba su kama komai ba sai matacce. Muka je wurin Baturen da ke kula da ramin. Bai ba mu wurin zama ba. Ta bakin akawunsa ya ce an kawo shi haƙar kwal ne ba kiwon kifi ba, in aka tsayar da inji mutane za su nutse, kuma duk wanda ya taɓa kayan aiki ba da izini ba ya ajiye kakinsa. Da muka fito na ce wa Okeke to in kashe injin na 'yan kwanaki mana.

"A'a, Malam," in ji shi. "Mutanena suna ƙasa. Inji ya tsaya, ruwa ya kai su wuya kafin su fito. Nemi wata hanya, amma ban da wannan."

Ya fi ni gaskiya. Na ɗebo ruwan a kwalba na kai gida ina jujjuya shi, ban san abin da nake nema ba. Lantana ta karɓa, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar.

"Tsami ne," ta ce. "Ya fi tsamiya. Malam, in miyar yakuwa ta yi tsami me kake gani ina zuba mata?"

"Ruwan toka."

"To."

Ta ɗebo toka daga murhu ta zuba cikin kwalbar ta girgiza, ta ajiye a gindin bango. Kafin la'asar jan ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya washe, tsamin ya ragu ƙwarai. Ban taɓa mantawa da kwalbar nan ba. Nan take na tuna akwai wani tsohon kududdufi kusa da injin, inda aka haƙi marmara lokacin yin hanya, ga faɗi ga zurfi, bayansa kuma fadama ce mai ciyawa da ke gangarawa rafi. In ruwan ya fara zuba can, ya haɗu da toka ya kwanta, abin da zai malala ta cikin ciyawa zai isa rafi da sauƙi. Tsakanin bakin bututu da kududdufin tsawon bututu uku ne. A bayan ɗakin inji kuwa akwai tsofaffin bututu jibge, ciyawa ta fito ta cikinsu.

Na san abin da zai biyo baya, Bature ya riga ya faɗa. Abin da ya fi damuna ɗakin nan ne. Mace da tsohon ciki, a garin da ba uwa ba uba, in fitar da ita daga ɗaki mai famfo saboda kifi da balbela? Na kwana biyu ina kewaye-kewaye, na kasa yi mata maganar. Ita ta tare ni ina cin tuwo.

"Malam, tunanin ɗaki kake yi."

Na ajiye lomar da ke hannuna.

"Ni a bukkar kara aka haife ni, a bakin ruwa, kai ma haka. Abin da ke cikin nan nawa jikan masunta ne ta kowane ɓangare. In ya girma ya ji ubansa ne ya kashe rafi yana sane, da wane ido za ka dube shi? Ka ce wa mutane su kwasa sun kwasa. Yanzu ka je ka gyara."

Ba ta ɗaga murya ba, tana faɗa tana ƙara mini miya.

Baba Ɗanladi ya fara da zagina tas kan maganar magimfa, ya ce cikinsa bai daina murɗa ba har yau saboda ya yarda da ɗan ruwan da ba ya duba ruwa. Da ya gama ya tashi ya bi gida-gida da sandarsa yana gaya wa mata kada wadda ta sake zubar da toka. Ya bi masu tsire da masu tuyar ƙosai. Matar Okeke ta yi haka a ƙauyensu. Ranar Lahadi da hantsi, bayan sun taso daga coci, Okeke ya zo da mutum huɗu masu ƙarfi, mahauta suka zo daga wajenmu. Ni na shiga bayan ɗakin inji na jawo bututu ukun da hannuna, don kada a ce wani ne. Muka haɗa su inji na aiki, ruwa na feshe mu, kayanmu duk suka rine. Mata suka jero da kwanukan toka a ka, Hausawa da Inyamurai, ba mai jin yaren wata sosai, ana ta nuni da hannu ana dariya. Da yamma na nuna musu kwarfa irin ta gida. Muka datse ƙananan guraben da kifi ya maƙale yana haki, muka kwarfe ruwan da ƙorai, muka kwashi masu sauran rai a bokiti muka kai su sama da inda bututu yake zuba a da.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Na manta cewa tsuntsu ba ya tambaya, in ya hango ruwa shimfiɗe da rani sauka zai yi. Cikin mako guda na tsinci kurciyoyi matattu a bakin kududdufin, da balbela biyu. Wato na ɗauke guba daga rafi na shimfiɗa musu ita a faranti. Na koma wurin Baba Ɗanladi.

"Kai dai ba ka taɓa noma ba," in ji shi. "Yadda ake korar tsuntsu daga gonar gero, haka za ka yi. Igiya da gwangwani."

Muka kafa sanduna kewaye da kududdufin, muka ja igiyoyi suka ratsa samansa, muka rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, da tsummoki. A gona mutum ke zama yana jan igiya, ni kuwa ina da aiki. Sai na ɗaura bakin igiyar a hannun injin da ke sama da ƙasa. Duk bugun da inji zai yi sai gwangwanaye su amsa. Tsuntsaye suka riƙa zuwa suna kewayawa suna wucewa rafi. Na ji daɗin dabarar nan har na riƙa kai mutane kallo, ban yi tunanin cewa ƙarar tana kaiwa har ofis ba.

Ita ce ta kawo Bature. Ya zo da akawunsa ya tsaya yana kallon bututu, da toka, da gwangwanaye suna ta kaɗawa, fuskarsa ta yi ja. Ya tambaya wa ya yi wannan. Na ga Okeke ya buɗe baki, na riga shi.

"Ni ne. Ni kaɗai na ɗauko su."

Okeke ya dube ni, na girgiza masa kai. In an kore mu duka biyu ba mai tsare wurin. Aka rubuta a takarda cewa na ɗauki kayan aiki ba da izini ba, aka karɓi kaki, aka ba mu kwana uku mu bar ɗaki. Daga ofis zuwa kasuwa maganar ta zama sata, kuma haka ta zauna a bakin mutane, har da waɗanda matansu suka kai toka. Wannan ya yi mini ciwo fiye da korar.

Baba Ɗanladi ya share mana wani ɗaki a bayan zaurensa inda yake ajiye fatu. Warin bai taɓa fita ba, rufin kuma yana yoyo. Ni da nake kau da kai in an yanka sa, na koma wankin tumbi da hanji a mahauta, ina ɗaukar nama a ka zuwa kasuwa. Lantana da cikinta take zuwa ɗibar ruwa da nisa, ƙafafunta suka kumbura. Sau ɗaya na shigo na tarar tana kuka, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Ba ta taɓa ce mini da ka sani ba. Kowace safiya kuma sai ta tara tokarta ta bayar a kai kududdufi tare da ta sauran mata.

Bature ya ba Okeke umarni a cire bututun. Okeke ya ce to, gobe. Da gobe ta yi ya ce mutanensa duk suna ƙasa. Wani makon ya ce abin kwancewa ya ɓace. Haka ya yi ta jan ƙafa, yana shan faɗa, har Baturen ya tafi hutu ƙasarsu bai dawo ba. Wanda ya gaje shi injiniya ne ɗan ƙasa. Ya zo ya ga wurin, aka ce ya yi dariya har da riƙe ciki saboda gwangwanayen, sannan ya ce a bar komai yadda yake, ya sa ana kawo farar ƙasa a mota ana zubawa maimakon toka. Okeke ya roƙe shi a mayar da ni. Ya ce takardar kora ta riga ta wuce sama, ba shi da iko. Ban riƙe shi a zuciya ba.

Ruwan sama ya sauka, aka haifi Asabe ranar Asabar a ɗakin fatun nan, da kwano a gefen gado yana tarar yoyo. Haihuwar ta ba mahaifiyarku wuya, nono ya ƙi kawowa sosai, jaririya na ta kuka. Ina zaune ina tunanin ko da muna bariki da ba haka ba. Ranar suna Baba Ɗanladi ya yanka rago daga garkensa, ya hana ni magana. An gama addu'a ana watsewa sai ga Okeke da matarsa da wasu mata uku na ƙauyensu, ɗauke da babban baho an rufe da ganyen ayaba. Suka sauke a tsakar gida. Tarwaɗa ce da karfasa, da ransu, suna ta fantsama ruwa.

"Daga rafi," in ji Okeke. "Yau da safe, a kwandon matata. Balbela ma sun dawo bishiya, Malam, sun ɓata mana wurin zama da kashi."

Lantana ta sa aka matso mata da bahon bakin ƙofa, tana zaune da ke a cinya, Asabe. Ta dube ni a gaban mutane, ta yi murmushin nan nata na gefen baki.

"Malam, wannan karon zo ka duba kafin ka ce a dafa."

Tsakar gida ta ɗauki dariya, Baba Ɗanladi ya fi kowa. Na durƙusa na kamo karfasa ɗaya, tana fizge-fizge a hannuna, na buɗe kunnenta. Ja wur yake, tsaf, babu ɗigon tsatsa. Na ce a dafa.

Duk mutanen nan sun riga ni tafiya. Baba Ɗanladi da ya ba ni ɗaki da sana'a yana zagina, Okeke da ya yi ta cewa gobe, matan da ban san sunan rabinsu ba, da mahaifiyarku wadda ta ga abin da na ƙi dubawa. Ban biya ko ɗayansu ba, sai addu'a da nake yi wa na wajenmu da fatan alheri ga zuriyar Okeke duk inda suke. Ban sake sa kaki ba har na tsufa, kuma ban yi nadama ba.

Asabe, romon kifin nan mahaifiyarki ta sha da barkono, kafin gari ya waye nononta ya kawo, kika sha kika yi barcinki na farko mai nauyi. In tsohuwar nan ta sake ce miki 'yar ɓarawon bututu, kada ki sunkuyar da kai. Ki amsa mata, ki ce guda uku ne, kuma tokar uwarta na cikin wadda aka zuba.